Arthur Ashe: Wanda Ya Kayar da Connors da Dabara

Duk sanda musu ya kaure a ɗakinmu kan wa ya fi tsakanin Federer, Nadal da Djokovic, ni sai in tuno Arthur Ashe. Abokaina kofuna suke ƙirgawa, shi kuwa manyan kofuna uku kacal ya ci.

An haife shi a 1943 a Richmond ta Amurka, zamanin da ake hana baƙar fata shiga filayen tanis na Turawa. Ya ci gasar Amurka a 1968, ta Ostireliya a 1970. Babban abokin hamayyarsa shi ne Jimmy Connors, matashi mai zafin kai da har kotu ya maka shi. A wasan ƙarshe na Wimbledon a 1975, kowa ya ɗauka Connors zai yi masa kaca-kaca. Ashe ya ƙi biye masa a bugun ƙarfi, ya dinga tura masa ƙwallo a sanyaye, ƙasa-ƙasa, har ya rikita shi. Har yau shi kaɗai ne baƙar fata namiji da ya ɗauki wannan kofi.

Bai tsaya a fili ba. Ya yaƙi wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kuma da ƙanjamau ta kama shi ta hanyar ƙarin jini, sai ya fito yana wayar da kan jama'a har rasuwarsa a 1993.

Connors ya ci manyan kofuna takwas. Amma babban filin gasar Amurka, sunan Ashe aka sa masa. To jama'a, da me za mu auna gwani?