Svante Arrhenius: Ɗalibin da Malamansa Suka Raina

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya zai tuna sunan Arrhenius a darasin asid. To, ga tarihin mai sunan.

An haife shi a 1859 kusa da Uppsala a ƙasar Suwidin. A 1884 ya miƙa kundin digirinsa na dakta, inda ya nuna cewa gishiri in ya narke a ruwa yakan rabu gida biyu, kowane ɓangare ɗauke da lantarki. Malamansa ba su gamsu ba, da ƙyar suka bar shi ya haye. Wannan aikin ne kuwa ya jawo masa lambar Nobel a 1903.

A zamaninsa akwai abin da ya ɗaure wa masana kai. An tono burbushin ganyen itatuwan ƙasashe masu ɗumi a tsibiran Greenland da Spitsbergen, can ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ta rufe ko'ina. Yaya aka yi daji ya taɓa tsirowa a can?

Arrhenius ya zargi iskar kabon, wadda ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Ya yi wata da watanni yana lissafi da alƙalami, ya buga sakamakon a 1896. Ya ce in iskar ta ninka sau biyu da rabi zuwa uku, zafin yankin zai ƙaru da digiri 8 ko 9, daidai yadda burbushin ya nuna. In kuma ta ragu da rabi, sai ƙanƙara ta mamaye.

Nan ma aka yi watsi da shi, har ya rasu a Stockholm a 1927. Amma a shekarun 1970 aka tono ƙasusuwan kada a tsibirin Ellesmere na Kanada, na shekaru miliyan 50 da suka wuce, zamanin da iskar kabon ta ninka ta yau fiye da sau biyu.

Akwai inda ya yi kuskure: ya ɗauka ɗumamar duniya alheri ce, kuma za ta zo a hankali. Ga shi ƙona gawayi da mai ya ɗaga iskar daga kashi 280 cikin miliyan zuwa fiye da 420.

A dai riƙa sake duba takardar yaron da aka raina.