Andrei Kolmogorov, shehin malamin lissafi da ya buɗe wa ƴaƴan karkara ƙofar jami'a

A ranar 2 ga watan Disamba na 1963 aka buɗe wata makarantar kwana a birnin Mosko, ƙarƙashin kulawar babbar jami'ar birnin. Lambarta 18. Ɗalibanta yara ne masu kimanin shekaru 15 zuwa 17, waɗanda suka kai ajin ƙarshe na lise, an zaɓo su daga ƙananan garuruwa da ƙauyuka na Tarayyar Sobiyet saboda hazaƙarsu a lissafi da kimiyyar fiziks. Wanda ya tsaya tsayin daka har aka kafa ta shi ne Andrei Kolmogorov, tare da abokin aikinsa Isaak Kikoin.

An haifi Kolmogorov a garin Tambov na ƙasar Rasha ranar 25 ga Afrilu 1903. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, sai ƴar'uwarta Vera ta ɗauki renonsa a ƙauyen Tunoshna, kusa da Yaroslavl. A gidan akwai wata ƴar makaranta da matan gidan suka buɗe wa yara. Nan ne, yana ɗan shekara 5 ko 6, ya lura cewa 1 da 3 suna ba da 4, in aka ƙara 5 a sami 9, in aka ƙara 7 a sami 16, wato 2 sau 2, 3 sau 3, 4 sau 4. Aka buga masa wannan a ƴar mujallar makarantar.

Ya yi aikin kwandasta a jirgin ƙasa kafin ya shiga jami'ar Mosko a 1920. A 1922, yana da shekara 19, ya fito da wani misali a fannin jerin lissafi na Fourier wanda ya girgiza masana, sunansa ya kai ƙasashen waje. A wannan lokacin ma yana koyarwa a wata makarantar sakandare. Ya zama farfesa a 1931. Bayan shekara 2 ya wallafa wani ƙaramin littafi da Jamusanci, inda ya shimfiɗa harsashin lissafin yiwuwar aukuwar abu, wanda har yau a kansa jami'o'in duniya suke koyar da fannin.

Yana da shekara 60 ya mai da hankalinsa ga yara. Damuwarsa ita ce, yaron Mosko ko Leningrad yana da ɗakunan karatu da ƙungiyoyin lissafi da malaman jami'a ke jagoranta, ɗan ƙauye kuwa komai basirarsa ba mai gano shi. Gwamnati ta amince a 1963, aka kafa irin waɗannan makarantu a jikin jami'o'in Mosko, Leningrad, Kiev da Novosibirsk. Ana tace yara ta hanyar gasar lissafi da jarrabawa, sannan malaman jami'a da ɗalibansu masu bincike su koya musu abin da ya zarce manhajar lise.

Kolmogorov da kansa yake shiga aji. Bayan darasi yakan kunna musu faifan kiɗa, ya tattauna adabi da zane da su, ya fita da su doguwar tafiyar ƙasa a daji. Cikin ɗaliban farko akwai Yuri Matiyasevich, wanda a 1970 ya warware matsala ta 10 cikin shahararrun matsalolin da Hilbert ya jera a 1900. A wannan shekara kuma Kolmogorov da Kikoin suka fara fitar da mujallar Kvant domin ƴan makaranta.

Sai dai da aka ɗora masa gyaran manhajar lissafi ta makarantun ƙasar baki ɗaya, abin bai zo da sauƙi ba. Sababbin littattafan sun yi wa yara da yawa nauyi, malaman ma ba a horar da su yadda ya kamata ba. Dabarar da ta yi amfani ga zaɓaɓɓun yara ta gagara a ajin gama-gari. A 1980 wani babban masanin lissafi, Lev Pontryagin, ya caccaki gyaran a mujallar jam'iyya mai mulki, daga baya aka janye mafi yawansa. Wannan suka ta yi masa ciwo ƙwarai.

A shekarar ce kuma aka ba shi lambar yabo ta Wolf. Cutar kakkarwa ta Parkinson ta kama shi, ganinsa ya raunana, tsofaffin ɗalibansa suka riƙa karɓa-karɓa wajen jinyarsa. Ya rasu a Mosko ranar 20 ga Oktoba 1987, yana da shekara 84. Makarantar kwanan tana nan tana aiki a ƙarƙashin jami'ar, kuma sunansa take ɗauke da shi.