Sheikh Jassim Al Thani: Attajirin Lu'ulu'u Da Ya Kafa Ƙasar Ƙatar

A garin Lusail da ke arewa da birnin Doha ne aka binne Sheikh Jassim bin Muhammad Al Thani, wanda ake ɗauka a matsayin mutumin da ya kafa ƙasar Ƙatar. Ya rasu a can ne ranar 17 ga watan Yuli na shekarar 1913, lokacin da garin bai wuce ɗan ƙauye a bakin teku ba.

Shi dai Sheikh Jassim an haife shi ne wajejen 1825, ya kuma gaji mahaifinsa a 1878. Ya yi suna wajen haɗa kan ƙabilun yankin, musamman bayan da ya fatattaki sojojin Turkawa a yaƙin Wajbah cikin 1893. Amma tun kafin wannan, ya shahara a matsayin ɗaya daga cikin manyan fataken lu'ulu'u a Tekun Fasha.

A wancan zamani kuwa, lu'ulu'u shi ne ƙashin bayan arzikin ƙasar. Wani ƙiyasi da Turawan Ingila suka yi a farkon ƙarni na 20 ya nuna cewa Ƙatar tana da jiragen ruwa 817 na wannan sana'a, da ma'aikata kusan 13,000. Daga nan ake kai hajar Bombay ta ƙasar Indiya, ta zarce kasuwannin Turai. Shehin bai yi wasa da wannan ciniki ba, domin a 1882 ya kori fataken Indiya daga Doha, abin da ya sa Ingila ta tilasta masa biyan diyya.

Ana tunawa da shi da yawan kyauta. Ya kashe dukiyarsa wajen buga littattafan addini a Indiya, ana raba wa ɗalibai a matsayin waƙafi, ya kuma kafa wasu waƙafan da amfaninsu ya kai har Najadu.

To sai dai kuma, sana'ar da ta samar da wannan dukiya tana tattare da wahala mai tsanani. Masu nutso kan shafe kimanin wata huɗu a teku cikin tsananin zafi, suna nutsewa da numfashi guda, dutse na janye su ƙasa. Kafin a fita, mai jirgi kan ba su bashi don iyali su ci abinci. In kaka ba ta yi kyau ba, bashin ya hau na bara, kuma sau da yawa ɗa ne ke gadon bashin uba. Daga cikinsu akwai bayi 'yan asalin Afirka, domin sai a 1952 ne aka haramta bauta a Ƙatar. Wannan tsari ya game ɗaukacin yankin, ba a kan mutum guda ya tsaya ba, amma a cikinsa ne manyan fataken suka yi arziki.

Bayan rasuwarsa, lu'ulu'un da Japanawa suka ƙware wajen kiwo ya karya kasuwar, daga baya man fetur da iskar gas suka maye gurbi. A filin wasa na Lusail ne aka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ranar 18 ga Disamba 2022, wadda ta dace da ranar tunawa da hawansa mulki. Sukar da aka sha yi game da halin baƙin leburorin da suka yi gine-ginen gasar ta taimaka wajen sa hukumomi, a 2020, suka soke sharaɗin neman izinin ubangida kafin sauya aiki, suka kuma tsayar da mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata.

Don haka tarihin Sheikh Jassim yana tuna wa attajirai da kamfanonin yau cewa kyauta daban, haƙƙin ma'aikaci daban, kuma ɗaya ba ya ɗauke nauyin ɗaya.