Sarkin Abzin Tagama: Basaraken da ya juya wa Faransa baya

Sama da shekaru ɗari ke nan da rasuwar Sarkin Abzin Abdurrahman Tagama, wanda ya buɗe wa mayaƙan Kawsan ƙofar birnin Agadas domin korar Turawan mulkin mallaka na Faransa, lamarin da ya jawo wa malamai da talakawan birnin mummunar ramuwar gayya.

Faransawa ne da kansu suka naɗa Tagama a shekarar 1908, bayan sun tuɓe Sarki Ibrahim Dasuki, shekaru biyu da kafa sansaninsu a Agadas.

Ƙasar da ya gāda dai ta dogara ne ga ayarin raƙuma. Abzinawa kan ɗauko gishiri daga Bilma su gangaro Kano, su yi zango a Fagge, sa'annan su koma da gero da turkuɗi.

Sai dai zuwan Turawa ya gurgunta wannan fatauci. An ɗora wa jama'a haraji, ana ƙwace raƙumansu domin jigilar kayan soja, ga kuma fari da yunwar 1913 zuwa 1914.

Ƙawance da Kawsan

A wannan yanayi ne Sarki Tagama ya ƙulla ƙawance a asirce da Kawsan, wani jagoran Abzinawa mabiyin ɗariƙar Sanusiyya, alhali Faransawa na kallonsa a matsayin amintaccensu.

A watan Disambar 1916, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauke hankalin Faransa, dakarun sarkin da na Kawsan suka yi wa barikin Agadas ƙawanya. Suna ɗauke da igwa da manyan bindigogin da aka ƙwace daga hannun Italiyawa a Libiya.

Labarin ya tayar da hankalin Turawan Ingila a Najeriya, waɗanda ke fargabar kada tawayen ya tsallako Arewa. Don haka suka tura sojoji daga Kano da Sakkwato domin dafa wa Faransa.

Haka kuma ta jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, wanda Sabon Gari ya bunƙasa a gefensa, aka kawo wa Faransa ƙarin dakaru daga Legas, kafin su nufi Damagaram.

Ramuwar gayya

Ranar 3 ga watan Maris na 1917 rundunar Kanar Mourin ta isa Agadas, inda ta kawo ƙarshen ƙawanyar da ta kusa wata uku. Tagama da Kawsan suka janye cikin duwatsun Abzin.

Waɗanda suka rage a gari, akasarinsu ba mayaƙa ba, su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Sojojin sun karkashe malaman da suka taru a masallaci suna neman aminci, bisa zargin cewa sun goyi bayan tawayen.

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutane kimanin 130 aka kashe a bainar jama'a a Agadas da Ingal kawai. An kuma kwashe dabbobi, aka tilasta wa mazauna duwatsu barin garuruwansu.

Dubban Abzinawa sun yi ƙaura zuwa kudu, wasunsu har ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato, inda zuriyarsu ta cuɗanya da Hausawa.

Ƙarshen rayuwarsa

Kawsan ya tsallaka Libiya, aka rataye shi a Murzuk a farkon 1919. A wannan shekarar ce kuma Faransawa suka kama Tagama a yankin arewa maso gabashin Nijar, suka tsare shi a kurkukun Agadas.

A ƙarshen watan Afrilun 1920 aka wayi gari ya rasu a ɗakin da yake tsare, tun kafin a gurfanar da shi gaban shari'a. Da farko hukumomi sun ce shi ya kashe kansa, amma daga bisani ta bayyana cewa shaƙe shi aka yi bisa umarnin wani kyaftin na Faransa.

A rahotannin Faransawa na wancan zamani, Tagama mayaudari ne da ya ci amanar waɗanda suka naɗa shi. A Jamhuriyar Nijar kuwa, ana lissafa shi tare da Kawsan cikin gwarzayen da suka yi wa mulkin mallaka turjiya.