Abraham Lincoln: Shugaban da abokai suka ɓoye wa reza

Idan ka taɓa ganin takardar dala biyar ta Amurka, to ka ga fuskar Abraham Lincoln. Amma ka san mai wannan fuskar ya taɓa shiga halin da abokansa suka kwashe reza daga ɗakinsa, don tsoron kada ya hallaka kansa?

An haife shi ranar 12 ga Fabrairu, 1809, a wata bukkar katako a jihar Kentucky. Gidan talakawa ne tilis. Duka-duka zamansa a aji bai wuce shekara guda ba, sauran ilimin da littattafan aro ya same shi. Yana ɗan shekara tara mahaifiyarsa ta rasu, a 1828 kuma yayarsa Sarah ta rasu wajen haihuwa.

Da ya zama saurayi ya koma ƙauyen New Salem a jihar Illinois. Ya nemi kujerar majalisar jiha a 1832, ya sha kaye. Suka buɗe shago da wani, shagon ya karye, ya bar shi da bashin da ya yi shekaru yana biya. A 1835 Ann Rutledge, budurwar da masana tarihi da dama ke ganin yana so, ta rasu. Nan ciwon ya fito fili, har maƙwabta suka riƙa sa masa ido.

Mafi muni shi ne Janairun 1841. A lokacin fa ya zama lauya, ga shi ɗan majalisar jiha a birnin Springfield. Duk wanda ya hango shi zai ce ya haye. Sai baikonsa da Mary Todd ya watse. Ya kwanta, ya rame, ya yi kwanaki bai leƙa majalisa ba. Ya rubuta wa abokin aikinsa cewa ba ya jin akwai mai baƙin ciki kamarsa a duniya. Amininsa Joshua Speed ya ce Lincoln ya faɗa masa mutuwa ba ta ba shi tsoro, abin da ke cinsa shi ne bai yi komai ba da wani zai tuna ya taɓa rayuwa.

Duba da kyau. Mutumin da ya koya wa kansa aikin lauya yana kallon kansa a matsayin wanda bai tsinana komai ba. Haka ciwon damuwa yake: yana rage maka darajar kanka a idonka, raina kan kuma ya ƙara hura wutar ciwon. Abin da kake gani game da kanka a wannan halin ba shi ne gaskiyarka ba.

Me ya riƙe shi? Abokai da ba su guje shi ba, likita da ya yarda ya gani, da kuma buri na yin wani aiki mai amfani. Ya auri Mary a 1842. Ya sake faɗuwa takarar sanata a 1858, amma a 1860 ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

Kada ka ɗauka mulki ya warkar da shi. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, ɗansa Willie ya rasu a fadar White House a 1862. Yawan barkwancin da aka san shi da shi, da shi yake rage nauyin zuciya. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wani sa'in fuskar ma ɓoyewa take yi, kamar dai hotunan murmushin da muke ɗorawa a Instagram.

Ranar 1 ga Janairu, 1863, ya sa hannu a dokar 'yanta bayin da ke jihohin 'yan tawaye. Speed ya ce bayan nan Lincoln ya tuna masa da waccan tsohuwar hirar tasu. An harbe shi a Afrilun 1865, ya rasu yana da shekara 56.

A zamaninsa babu ingantaccen maganin wannan ciwo, yau akwai. Idan ka yi sati biyu ko fiye cikin ƙunci, barci da abinci sun rikice, kana jin ba ka da amfani, kada ka tsaya ga rubuta shaguɓe a WhatsApp. Faɗa wa wanda ka yarda da shi, ka je asibiti. Idan kuma abokinka ne ya yi shiru kwana biyu, bar aika saƙo, taka ka je ka gan shi.