Sarkin Musulmi Hassan da Sun Argungu

Hassan ɗan Mu'azu, jikan Muhammadu Bello, ya zama Sarkin Musulmi cikin 1931, zamanin da Anka da Gummi da Bukkuyum ke ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Ya tarar da tsohuwar gaba tsakanin gidansu da Kabawa, wadda aka daɗe ana zub da jini a kanta. Cikin 1934 sai ya taka har Argungu ziyara. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tara masunta, aka yi masa gagarumin su da homa da gora. Su kuwa al'adar rani ce tun kaka da kakanni, amma daga wannan sauka ya zama bikin da duniya ta sani. Allah ya yi masa rasuwa cikin 1938, Abubakar na Uku ya gaje shi.