Ned Hanlan: yaron tsibiri da ya zama zakaran tuƙin kwale-kwale na duniya

Matasa, yau za mu leƙa cikin ruwa. Kafin ƙwallon ƙafa ta mamaye duniya, akwai lokacin da dubban mutane ke cika bakin kogi a Ingila da Amurka da Ostareliya don kallon mutum biyu kacal suna tsere. Kowanne yana zaune shi kaɗai cikin siririn kwale-kwale, filafili biyu a hannu, ya juya wa inda ya dosa baya. A wannan fage babu sunan da ya kai na Edward Hanlan, wanda aka fi sani da Ned.

Ka san yadda wasan ya faro? A Landan ne, tsakanin masu fito a kogin Thames, talakawa masu ƙetarar da fasinja don neman na abinci. Gardamar wa ya fi wani sauri ce ta zama gasa. A 1831 aka fara kambun zakaran ƙwararru, Charles Campbell ya ci. Turawan Ingila suka riƙe abinsu shekara da shekaru. A 1863 wani ɗan Ostareliya, Richard Green, ya zo ya gwada sa'arsa, Robert Chambers ya kayar da shi. Sai a 1876 Edward Trickett, shi ma ɗan Ostareliya, ya doke Joseph Sadler ya fita da kambun daga Ingila. To, wannan Trickett ɗin ka riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi.

An haifi Hanlan ranar 12 ga Yuli, 1855 a Toronto ta ƙasar Kanada. Iyayensa 'yan asalin Ailan ne, kuma a tsibirin da ke gaban birnin ya tashi, inda mahaifinsa ya yi kamun kifi, daga baya ya buɗe otal. Ga yaron tsibiri, jirgin ruwa ai shi ne kekensa. In za shi gari sai ya tuƙa, in za a kai kifi kasuwa sai ya tuƙa. Abin da wani yaro zai ɗauka wahala, shi ne ya zame masa makaranta. Yana ɗan shekara 18, a 1873, ya zama zakaran mashigin ruwan Toronto.

Kada fa ka zaci wani ƙato ne. Tsayinsa bai cika ƙafa 5 da inci 9 ba, nauyinsa kuwa wajen kilo 68. To, ina sirrin? A wurin zama yake. A da, matuƙi kan zauna a kan katako kafaffe, ƙarfin duk daga damtse da gadon baya yake fitowa. Sai aka ƙirƙiro mazauni mai zamewa gaba da baya. Manyan matuƙa da yawa sun sa shi a jiragensu amma suka ci gaba da tuƙi irin na da. Hanlan kuwa ya zauna ya naƙalci abin. Yakan naɗe gwiwoyinsa, ya cusa filafilan a ruwa, sannan ya tokare ƙafafu ya miƙe su, cinyoyinsa su yi aikin. Ja ɗaya nasa ya fi na abokin karawarsa tsawo, don haka bai buƙatar yawan bugu. Wancan yana haki, shi kuwa kamar mai yawon shan iska.

Daga nan sai nasara ta bi nasara. A 1876 ya ci babbar gasa a Filadelfiya. A 1877 ya doke Wallace Ross ya zama zakaran Kanada. A 1878 ya kayar da Eph Morris ya karɓi kambun Amurka. A 1879 ya haye teku ya lallasa William Elliott a kogin Tyne, ya zama zakaran Ingila. Shigarsa shuɗiya ce kullum, har abin ya zame masa laƙabi.

Sai dai wasan nan ba tsaf yake ba. Kuɗin caca ne ke juya shi, kuma inda caca ta shiga, gaskiya kan yi wuyar gani. A Oktoban 1879 an shirya karawa tsakaninsa da Ba'amurke Charles Courtney a tafkin Chautauqua, a kan dala 6,000 da wani kamfanin magani ya sa. Gari na wayewa aka tarar an sa zarto an yanke jirgin Courtney. Hanlan ya tuƙa shi kaɗai, kamfanin kuma ya ƙi biya. Da aka sake haɗa su a Washington a 1880, Hanlan ya yi masa fintinkau.

Babbar ranar ita ce 15 ga Nuwamba, 1880. A kogin Thames, daga Putney zuwa Mortlake, tafiyar kusan kilomita 7, ya tsaya gefen Trickett, dogo da ya haura ƙafa 6. Jama'a maƙil a gaɓa da kan gadoji. Tun ba a yi nisa ba Hanlan ya wuce. Sai kuma ya fara abin da ya saba: ya tsaya ya ɗaga wa 'yan kallo hannu, ya jira Trickett ya matso, ya sake cillawa. A wani wurin har ya kife a jirgi kamar wanda ya suma, da hankalin mutane ya tashi sai ya ɗago ya ci gaba. Haka ya zama ɗan Kanada na farko da ya riƙe kambun duniya a wasan mutum ɗaya, alhali ƙasar tasa ba ta wuce shekara 13 da kafuwa ba. Da suka sake karawa a 1882, bayan ya ƙetare layin ƙarshe sai ya juya ya koma wurin Trickett, ya sake tserewa ya riga shi isowa. 'Yan kallo sun sha dariya, amma ka tambayi kanka: gwaninta ce wannan ko cin fuska?

Ya riƙe kambun kusan shekara 4. Amma ka san an ce in kana da kyau ka ƙara da wanka, domin abin da mutum ya gano, wani ma zai koya. A watan Agustan 1884, a kogin Parramatta na Sidni, ya gamu da William Beach, maƙeri mai ƙarfin gaske wanda shi ma ya iya amfani da mazaunin. Beach ya kayar da shi. Hanlan ya nemi fansa a 1885 da 1887, duk Beach ya maimaita masa. A 1888 Peter Kemp ma ya doke shi sau biyu. Kambun bai sake dawowa hannunsa ba.

Bai bar bakin ruwa ba duk da haka. Ya horar da matuƙan Jami'ar Toronto, sannan na Jami'ar Columbia a Amurka, ya kuma yi kansila a birninsu. Ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 4 ga Janairu, 1908, yana da shekara 52, dubban mutane suka fito yi masa bankwana. An kafa masa mutum-mutumi a 1926, wanda yanzu yake tsibirin da ya tashi, a wurin da ake kira Hanlan's Point. A 1986 an yi fim kan rayuwarsa, Nicolas Cage ya fito a matsayinsa.

Kai da ke riƙe da waya ko keken ɗinki ko kwamfuta, ka lura da wannan: mazaunin nan kowa ya same shi a kasuwa, Hanlan ne dai ya ba shi lokaci har ya san kansa. Abin da ke hannunka yau, ka iya shi ko kuwa kana da shi ne kawai?